Lambar da Na Ɗora wa Shitu

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Yau na buɗe shafin intanet na kama layin tarakta. Ni na gina shi da hannuna, a shagona na Tudun Wada, tsakanin gyaran wannan waya da waccan. Ba wanda ya riƙe mini ko kujera.

Abin da aka yi bara a ƙungiyarmu ta manoma ba ya faɗuwa. Tarakta ɗaya, gonaki daga nan har Ƙafin Maiyaki da Yako, amma mai ɗan'uwa a kwamiti ya sa sunansa, ya sa na ɗansa, ya sa na jaririn da ko aski ba a yi masa ba. Talaka na tsaye har ruwa ya sauka a kan gonar da ba a yi wa haro ba. Shi ya sa na ce wa shugabanmu, Alhaji Jibrin, a ba ni aikin. Kowa ya shiga ta wayarsa, ya rubuta suna da gari da girman gona, sabar ta jera su.

Alhaji ya ce mece ce sabar. Na ce kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta ce, tana can wata ƙasa, ba ta da suruki a kwamiti. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Dabarata ita ce: duk wayar da ta hau intanet tana da lamba, adireshin IP, kamar lambar gida. Lamba ɗaya, layi ɗaya. In ta dawo da wani suna, shafi ya ce mata, Ka riga ka kama layi.

Musaddiq, sakataren ƙungiya, ɗan ƙanin Alhaji, mai digirin kwamfuta, wai "Yaya Muhuyi, lambar nan fa ba abin dogaro ba ce." Na ce digirin yana nan bara aka yi abin da aka yi. Ni sakandare na tsaya, kuma ga shafi.

Talata, 15 ga Afrilu

Ban gama shan koko ba waya ta fara. Duk wanda ya shiga, shafi ya ce masa ya riga ya kama layi. Kowa da kowa. Har Alhaji.

"Injiniya, yaushe na kama layin da ni ban sani ba?"

Na ce a yi haƙuri, mutane ne ba su iya dannawa ba.

Na buɗe rikodin masu shigowa. Mutum ɗaya ne a layin: ni. Gwajin da na yi jiya. Sauran duk an kore su, kuma lambar kowa iri ɗaya ce sak daga sama har ƙasa. Tawa, ta Alhaji, ta mutumin Yako, lamba ɗaya.

Da na je cin abincin rana matata Nafisa ta ce, "Baban Khairiyya, ashe bana kai kaɗai za a yi wa haro?" Ban ga abin dariya ba.

Musaddiq ya turo saƙo, kalma biyu: furoksi ne. Ban amsa ba. Ba zan amsa ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kama shi.

Ashe kamfanin da na kama wa shafin haya a wurinsu sun ajiye wata na'ura a bakin ƙofa, kamar mai gadi. Baƙo ba ya isa gaban sabar da kansa. Mai gadin ke karɓar saƙonsa ya shiga da shi. To ni na ce wa sabar ta duba fuskar wanda ya shigo, ita kuma kullum fuskar mai gadi take gani. Lambar baƙon ta gaskiya mai gadin yana rubuta ta a saman saƙon, a wani wuri da ake kira X-Forwarded-For. Can ya kamata in karanta. Na juya sabar can.

Na gwada da intanet ɗin shago, lamba daban. Na gwada da datar wayata, lamba daban. Alhamdu lillahi.

Mai gadin nan shi ne furoksin da Musaddiq ya faɗa. To ya faɗa. Sunan ciwo kowa na iya faɗa daga kan kujera. Wa ya zauna ya buɗe cikin abin? Ni.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Layi na tafiya. Masu dariyar ranar Talata su zo su gani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Har yanzu akwai masu zuwa shago da ƙorafi, wai shigarsu ta farko ce aka kore su. Wani dattijo daga Ƙafin Maiyaki har da rantsuwa. Na ce Baba, in ba kai ba ne, ɗanka ne ya ɗauki wayar. Ya ce ɗansa yana Fatakwal. Na ce to jikanka.

Mutanenmu ke nan. Shekara da shekaru sun saba shiga ta taga, yau an sa wa taga ƙarfe sai kuka. Ba zan sassauta ba. In na buɗe wa ɗaya, gobe na koma bara.

Litinin, 21 ga Afrilu

Yau na ga abin da na gina shafin nan dominsa.

Akwai wata lamba mai ƙarewa da 74. Sunan farko da ya shiga da ita, kuma ya samu layi, Shitu ne, mai baburin haya na Yako. Bayansa sunaye ne jere suna ta ƙoƙarin shiga da lambar nan ana korar su. Dije. Zulaihat. Muhammad. Wasu sun rubuta Yako, wasu Ƙafin Maiyaki, wasu ma nan Tudun Wada. Safe da yamma ba hutu.

Ba sai an yi mini fassara ba. Mutum yana yawo a kan babur gari gari, waya a aljihu. Ya kama nasa, yanzu yana so ya tara layuka da sunayen ƙarya ya sayar wa masu gaggawa in ruwa ya matso. Na san Shitu. Ya taɓa kawo mini waya, na gyara, ya koma tasha yana cewa na ƙara mata ciwo. Ba don wannan ba ne. Amma na san bakinsa.

Na kai wa Alhaji. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce Alhaji, kamar yadda na tabbata yau Litinin.

Juma'a, 25 ga Afrilu

An yi taro bayan masallaci, a ƙofar gidan Alhaji. An cika. An aika wa Shitu, ya zo da rigarsa ta aiki, ya jingine babur ya durƙusa ya gaida manya.

Na ɗaga kwamfuta na nuna. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, na bar kowane ya zauna a kunnen mutane kafin in karanta na gaba. Na ji daɗin yadda wurin ya yi tsit, ba zan ɓoye ba.

Shitu bai musa duka ba. Ya ce Dije mahaifiyarsa ce. "Ranka ya daɗe, waya ɗaya ce a gidanmu, amma gona ba ɗaya ba ce. Akwai gandu, akwai gayaunar Inna. Na sa na gandu ya shiga, na sa nata ya ƙi. Na haƙura. Sauran sunayen nan ban san su ba."

Na ce to wayarka ta san su.

Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Wasu dattawa suka fara gyara zama, don a wurinsu magana ta zo ƙarshe ke nan. Na ce a ajiye rantsuwa. Bara ma an yi ta rantsuwa. Na'ura ba ta san Shitu ba, ba ta san Muhuyi ba, abin da ta gani ta rubuta. Wannan lambar wayarsa ce, kamar yadda lambar baburinsa take tasa.

Musaddiq ya ɗaga hannu. "Alhaji, akwai yadda lamba ɗaya..." Na ce sakatare ya rubuta abin da aka yanke, shi ne aikinsa. Aka yi dariya. Ya sauke hannu.

An cire Shitu daga layi, an dakatar da shi daga ƙungiya sai bayan kaka. Wani daga can bayan taro ya ce ɓarawon layi. Ban ga ko wane ne ba. Shitu ya juya ya dube ni, ba shi ya duba ba. Ya tayar da babur ya tafi ko sallama babu.

Na ci tuwo sosai yau.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An ce a tashar babur ta Yako sunan ya bi shi. Matan aure sun daina aikensa kasuwa da saƙo. Ba ni na raɗa masa ba. Ni lamba na karanta.

Talata, 29 ga Afrilu

Wata tsohuwa ta sauka daga ƙaramar bas a bakin shago, ta tsaya tana karanta allona da ido kamar ta iya boko. Ta yi sallama, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da aiki da zafi, har na ji nauyi na miƙe na ba ta benci.

"Ɗan nan, kai ne mai kwamfutar?"

Na ce ni ne, Inna.

"To ni ce Dije. Na zo ka gan ni. An ce ka ce ni sunan ƙarya ce."

Na ce ban ce ke ba, Inna. Suna ɗaya na gaskiya ba ya wanke sauran.

Ta ce gayaunar gyaɗa take sa mata, da ita take yin mai da ƙuli. Ta ce tana yarinya ruwan Tiga ya ci garinsu, suka taso da abin da kai zai iya ɗauka. "Gida ya tafi, gona ta tafi, kabarin kakanni ya tafi. Sunan gidanmu ne kawai ruwa bai ci ba. Shi ka ci ranar Juma'a."

Na ce Inna, aiki ne. Na sa a kawo mata ruwan sanyi. Ta ce ta gode, ta sha a gida. Ta tafi tana jan zane.

Ba abin da na ji. Kowace uwa haka za ta ce.

Wayar da ke hannuna lokacin, na ɗaure ta ban mayar da batirin ba. Sai da mai ita ya dawo da ita na gane.

Alhamis, 1 ga Mayu

Tarakta ta fara aiki ta nan gefenmu, bisa layi, ba wanda ya tsallake wani. Abin da ba a taɓa gani ba. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa da yamma, ya watse.

Asabar, 3 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Nafisa tana da 'yar gonar da ta gada a bayan gari. Da rana ta ce bari ita ma ta kama mata layi da wayarta, ta ga aikin mijinta. Tana daga tsakar gida na ji ta tana dariya. "Baban Khairiyya, wai na riga na kama. Ni ma ɓarauniyar layi ce?"

Na buɗe rikodi. Ga sunanta a ƙasa, sabo. Ga lamba a gefensa. 74.

Na sake dubawa. Na goge allon da gefen riga, kamar datti ne.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa kika ba wayarki?"

Ta daina dariya. "Wa zan ba?"

Na ce lambar Shitu ce a kanta.

Ta ajiye tsintsiya a hankali. "Faɗi abin da kake nufi, Muhuyi." Rabon da ta kira sunana tsirara na manta. Na ce ban nufi komai ba, tambaya ce ta aiki. Ta ce to aikin ya dafa maka abincin dare. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Tambaya ce ta aiki. Duk mai bincike haka zai fara.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na kwana da zargin Musaddiq. Na karanta cewa wurin nan da mai gadi ke rubuta lamba, baƙo ma yana iya zuwa da tasa lambar ta ƙarya a rubuce, mai gadi ya ƙara ta gaskiya a bayanta. In sabar ta farko take ɗauka, an yaudare ta. Tawa kuwa ta farko take ɗauka. Na ce yawwa, mai digiri ya yi mini wasa don ya kunyata ni.

Na gyara. Na ce ta riƙa ɗaukar ta ƙarshe kawai, wadda mai gadi ya rubuta da hannunsa. Sannan na koma na duba tsofaffin shigowa. Ba wanda ya zo da lambar ƙarya. Kowa lamba ɗaya ce a wurin.

Na roƙi aron wayar Nafisa ta bakin Khairiyya, don uwar ba ta yi mini magana. Na shiga da hannuna. 74.

Ba Musaddiq ba ne. Ba mai gadi ba ne. Na so a ce ɗayansu ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Na yi ɗan ƙaramin shafi wanda ba ya komai sai nuna wa mutum lambarsa. Duk wanda ya shigo shago yau na ce ya buɗe mini. Mai shayi, mai faci, malamin firamare, wata mai sayen caja.

Masu sim irin nawa, lambobinsu daban da na Shitu, amma su ma junansu suke maimaitawa. Masu sim irin na Nafisa kuwa, 'yan lambobi ne ƙalilan ke ta zagayawa a tsakaninsu, kuma 74 na ciki. Mai faci 74 ne. Na ce ya kashe wayar ya kunna. Ta dawo da wata lamba. Ya sake, ta koma 74.

Sai na nemi bayani na karanta. Lambobin nan sun yi wa duniya kaɗan. Kamfanonin waya ba sa ba kowane sim tasa, sai su tara jama'a, garuruwa guda, su fitar da su intanet ta ƙofa ɗaya da lamba ɗaya. Wato ba lambar gida ba ce. Lambar bas ce. Shitu shi ya fara hawa, ni kuma na tsaya a bakin hanya na rubuta cewa duk wanda ya sauko daga bas ɗin nan Shitu ne.

Dattijon Ƙafin Maiyaki mai ɗa a Fatakwal. Shi ma.

Kuma wanda ya san ya kashe waya ya kunna, yana iya kama layi sau nawa ya ga dama. Ƙarfen da na sa wa taga masu gaskiya kawai ya tare.

Laifin kamfanin waya ne. Wa ya ce su cusa ƙaramar hukuma guda a lamba ɗaya ba su gaya wa kowa ba? A bidiyon da na koya da su ba wanda ya faɗi haka. Su can kowa da intanet ɗin gidansa. Ni abin da aka koya mini na yi, kuma na yi shi daidai.

Talata, 6 ga Mayu

Na cire dokar lamba. Yanzu da lambar katin ƙungiya ake shiga, kati ɗaya gona ɗaya, mai gayauna da katinta. Ya fi tsohon kyau, kuma ni na yi tunaninsa.

Ba wanda ya sani sai ni. Ina iya barinsa haka. Ƙorafi zai mutu da kansa, a ce Injiniya ya ƙara gyara.

Laraba, 7 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka da hantsi, mai ƙarfi. Ƙasa ta sha. Wanda aka yi wa haro zai fara shuka. Wanda ba a yi wa ba, kowace rana yanzu asara ce.

Nafisa ta kawo mini abinci da kanta. Ta tsaya a kaina. Na ce mata na gano matsalar, kamfanin waya ne, na gyara. Na ce kuma maganar ranar Asabar a bar ta.

Ta ce, "Tawa mai sauƙi ce, a cikin gida ka faɗe ta. Ta mutumin nan fa? A gaban gari ka faɗa."

Na ce kwamiti ne ya yanke, ba ni ba.

"Kwamiti ya iya kwamfuta?"

Mace ba ta san yadda suna yake a kasuwa ba. Shekara nawa na yi kafin a daina ce mini mai gyaran waya a fara ce mini Injiniya? In na tashi na ce na yi kuskure, gobe a miƙa wa Musaddiq shafin, a ce dama ɗan sakandare ne.

Da la'asar na hango Shitu ya wuce ta gaban shago, ba fasinja. Bai waiwayo ba. Ni ma aiki nake.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ce wa Alhaji a kira taro gobe, a aika wa Shitu. Ya ce lafiya? Na ce akwai wani sabon abu da na gano game da kamfanonin waya, ya kamata jama'a su sani. Gaskiya ce ai. Na gano.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na shirya abin yadda zai fito da kyau. Na ce kowa ya ciro wayarsa ya buɗe ɗan shafin nan, ya karanta lambar ƙarshe da ƙarfi. Aka fara. Wannan ya ce 74. Na kusa da shi wata lamba. Na gaba 74. Ma'aji 74. Aka fara kallon juna. Alhaji ya miƙa wa Musaddiq tasa don ba ya ganin ƙananan rubutu, Musaddiq ya duba ya ce, "Baffa, kai ma 74 ne."

Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce ashe shugaba ne babban ɓarawon layi. Na bari suka gama, sannan na yi bayanin bas da fasinja. Na yi shi tsaf. Har na ga ana gyaɗa kai, ana cewa kai, Injiniya akwai bincike. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Shitu yana can gefe a tsaye, bai yi dariya ba. Ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ni ban gane bas ba, ban gane lamba ba. Abu ɗaya na sani. A nan wurin aka ce ni ɓarawo ne. Ina so in ji an wanke ni daga inda na ji na farko."

Na ce ni ban taɓa cewa ɓarawo ba. Na'ura ce ta nuna.

"Na'ura ba ta zo taro ba, Injiniya. Kai ka zo. Na ce a kawo Alƙur'ani, kai ka ce a ajiye."

Ba wanda ya taimake ni. Na dubi Alhaji, yana kallon carbinsa. Na dubi Musaddiq, ina jiran ya ce ai na faɗa. Da ya faɗa da na samu abokin faɗa. Kansa na ƙasa yana rubutu. Wannan ya fi ba ni haushi.

To na faɗa. Na ce Shitu bai saci layin kowa ba. Sunayen nan na mutane ne masu gonaki, kowa da wayarsa, shafi ne ya kore su. Ya ce wane ne ya yi shafin? Na ce ni. Ya ce a ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Na ɗaga.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban durƙusa wa kowa ba, kar a ƙara mini.

Alhaji ya ɗage dakatarwar. Ya ce duk wanda aka kora a mayar da shi layi bisa ranar da ya fara ƙoƙarin shiga, tunda rikodi na nan. Hakan ya sa Yako ta hau gaba, tarakta za ta tafi can ranar Litinin. Masu jira a nan Tudun Wada suka fara gunaguni, ruwa ya sauka, yanzu kuma a ja su baya. Ɗaya ya ce mini a fuska, gara takarda da biro. Na ce ya je ya kawo takardar.

Alhaji bai ce komai game da wanda zai ci gaba da riƙe shafin ba. Ni ma ban tambaya ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Mutum biyu sun kira ni mai gyaran waya yau. Na gyara musu wayoyin. Da kyau kuma.

Litinin, 12 ga Mayu

Na rufe shago na hau bas zuwa Yako. Ina so in gwada ƙarfin sabis a can ne, saboda sabon tsarin kati. Dole mai shafi ya san yadda abinsa ke buɗewa a ƙauye.

Sabis ɗin ba laifi. Tunda na riga na zo, na bi ƙarar tarakta.

Ta gama gandun su Shitu, tana shiga gayaunar. 'Yar gona ce, ba ta kai yadda na zata ba. Ciyawa ta riga ta fara tsirowa saboda ruwan Laraba, direba yana ta mita wai sai ya bi sau biyu. Inna Dije na zaune a gindin ɗorawa da ƙwaryar irin gyaɗa a cinya tana tsince marasa kyau. Na je na durƙusa na gaishe ta. Gaisuwa ce kawai, babba ce. Ta amsa duka, gida da iyali da aiki. Ta ce, "Ka ga gonar sunan ƙarya?" Na ce na gani, Inna. Ta tura mini ƙwaryar ta ce tunda na zo in sa hannu. Na tsince. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Shitu bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Yana bin bayan tarakta yana kwashe saiwoyi. Daga baya na tashi na tsaya a bakin gona ina duba wayata, ina lissafin yadda zan tambayi Musaddiq wani abu game da katin nan, ba don ban iya ba. Ban lura tarakta ta juyo ba.

Shitu ya ɗago kai. "Injiniya, matsa gefe. Ka tare hanya."

Na matsa.